Babi na Shida: Baƙon da Ya Girmi Fure

A tsaunukan Dolomait da ke arewa maso gabashin Italiya, daura da garin Cortina, akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse da ake tsintar 'yan ɗigo-ɗigon ƙaro a cikinsa. Ƙaron ya tsatso ne daga jikin itatuwa shekara miliyan 230 da suka wuce, ya ɗiga ƙasa, laka ta binne shi, ya daskare ya koma dutse mai ruwan zuma. Ɗigon ba su da wani girma, daga milimita 2 ne zuwa 6. Alexander Schmidt na Jami'ar Gottingen a Jamus, da Eugenio Ragazzi da Guido Roghi daga Padua, da abokan aikinsu, suka duƙufa suna bin su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, har suka duba wajen 70,000. Duk wannan wahala, ƙwari uku kacal suka samu. Ɗaya guntun wani ɗan ƙuda ne da ya riga ya lalace. Sauran biyun kuwa suna nan garau, da ƙafafunsu da gashinsu, ko da yake tsawon babban cikinsu kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne.

A 2012 aka buga sakamakon. Ɗaya aka sa mata suna Triasacarus fedelei, ɗayar kuma Ampezzoa triassica. Kafin su ba a taɓa samun ƙwaro cikin ƙaro da ya kai wannan tsufa ba, sun ba waɗanda aka sani a da ratar shekara wajen miliyan 100. To amma ba tsufan ne ya fi ɗaure kai ba, kamannin ne. Duk wanda ya saba leƙa bayan ganye da madubi, yana ganinsu zai gane su, domin irinsu na nan birjik a kan tumatir da alkama da mangwaro da tafarnuwa. Dangi ne na kaska da gizo-gizo da ƙwayar da ke kawo ƙazuwa. Masana na kiran gidansu Eriophyoidea, mu kuma a nan za mu riƙa ce musu kaskar ganye.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. A yau kashi 97 cikin 100 na nau'o'in kaskar ganye a kan tsirrai masu fure suke rayuwa. Lokacin da ƙaro ya rufe waɗancan biyun kuwa, babu fure ko ɗaya a doron ƙasa. Sai bayan shekara wajen miliyan 90 ne alamar tsirrai masu fure ta fara bayyana a cikin duwatsu. Itatuwan da suka zubar da ƙaron daga wani gida suke mai suna Cheirolepidiaceae, 'yan'uwan itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura, kuma gidan ya ƙare ƙurmus kusan zamanin da manyan dabbobin dinoso suka ƙare. Mai masauki ya mutu, baƙo na nan da ransa, har ya yaɗu ya cika duniya. Yadda aka yi haka shi ne zancen wannan babi.

Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai lemu a bakin tasha ya san akwai lemun da bayansa ke yin duhu, ya yi kaushi, kamar tsatsa ta ci shi. Sau da yawa aikin wata kaskar ganye ce mai suna Phyllocoptruta oleivora. Tun lemun na ɗanye a kan uwarsa take hawa, tana huda ƙwayoyin fatar ɓawon ɗaya bayan ɗaya tana tsotse ruwansu, inda duk ta bi sai wurin ya mutu ya bushe. Ido ba ya ganinta. In aka sa ƙaramin madubi, sai a ga 'yan ɗigo rawaya suna rarrafe. In kuwa aka ɗora ta a babban madubi, sai a ga abin mamaki. Jiki ne dogo kamar na tsutsa, da zobe-zobe tun daga kafaɗa har wutsiya. Kaska da gizo-gizo ƙafa takwas gare su, ita huɗu ce da ita, duk a gaba kusa da baki, kowace da wani ɗan buroshi mai kama da gashin tsuntsu a ƙarshenta. Ba ta da hanyoyin numfashi, ta fata iska ke shiga. Yawancinsu ba su da ido. A gindin wutsiya akwai wani ɗan matsotsi da take manne wa ganye da shi. Bakin kuwa 'yan allurai ne da suka yi gajartar da ba sa wuce layin farko na fatar ganye. Biyar za su yi jerin gwano kafin su cika milimita ɗaya.

Ba laifin mutanen da ba ne da suka daɗe ba su gane ta ba. A 1737 Bafaranshen nan René de Réaumur ya tsaga wasu jajayen ƙululu masu tsini da ke fitowa a kan ganyen wata bishiyar Turai mai suna Tilia, ya ga 'yan fararen abubuwa na motsi a ciki, ya ɗauka tsutsar wani ƙaramin ƙuda ce. Wasu nau'o'in kuma sukan sa bayan ganye ya tsiro da gashi mai laushi kamar ƙuraren darduma. Masana tsirrai na ƙarshen ƙarni na 18 suka ce wannan ai naman gwari ne, har Christiaan Persoon ya ba shi suna Erineum a cikin jerin naman gwari. Sai a 1851 Félix Dujardin ya hango ƙwai a cikin jikin 'yan tsutsar, ya ce abin da ke ɗauke da ƙwai ai ba jariri ba ne, baligi ne. Wanda ya ɗora ilmin a kan turba shi ne Alfred Nalepa, malamin makaranta a Biyana ta Ostiriya, wanda ya yi ta siffanta ɗaruruwan nau'o'i tun daga shekarun 1880 har rasuwarsa a 1929. A yau an san fiye da 4,000, kuma kowace shekara ana ƙara gano wasu.

Tarihin wannan halitta kusan duk tarihin zubar da kaya ne. A 2020 wasu masana suka karance kundin gadon Aculops lycopersici, wadda ke addabar tumatir a ƙasashe masu zafi, har da Afirka ta Yamma. Manoman rani sun san alamarta ko da ba su san ta ba: kara ya fara yin ruwan ƙasa daga gindi, ganyen ƙasa su bushe, abin ya yi ta hawa sama, a yi ta zargin rana ko ƙarancin ruwa, alhali garin farar wuta ne maganinta. Kundin gadonta harafi miliyan 32.5 ne kawai. Ba a taɓa karanta na wani ƙwaro da ya kai shi ƙanƙanta ba a lokacin. Na ɗan Adam ya haura biliyan 3. Jan gizo-gizon da ke saƙa a bayan ganyen tumatir, Tetranychus urticae, wanda shi ma ƙarami ne, nasa miliyan 90 ne. A yawancin halittu, kowace ƙwayar gado na ɗauke da wasu tsaki-tsaki a tsakiyarta waɗanda jiki ke yankewa ya zubar kafin ya yi aiki da ita. A wannan kaska, kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin ba su da tsakin nan sam. Ta kuma yi asarar da yawa daga ƙwayoyin gadon jin ɗanɗano da ƙanshi, da na karya dafin tsirrai.

Wannan na ƙarshe abin a tsaya a kai ne. Tsiro ba ya gudu, don haka da dafi yake kare kansa. Jan gizo-gizo ya bi hanyar tara makamai: yana da ɗimbin ƙwayoyin gado na narkar da dafi, wasu ma kakanninsa daga ƙwayoyin bakteriya suka samo su, shi ya sa yake iya cin tsirrai fiye da nau'i 1,100. Kaskar tumatir ba ta bi nan ba. Gashin da ke jikin karan tumatir, mai ɗanƙo da wari, wanda ke kama manyan ƙwari, ita ta ƙarƙashinsa take wucewa saboda ƙanƙanta. Sannan yawunta na danne saƙon da tsiro ke aikawa cikin jikinsa don ya tashi tsaye ya kare kansa. Ba ta buƙatar maganin dafin da ta hana a dama. Amma dabara irin wannan tana da tsada: yawun da ya san makamar tsiro ɗaya ba lalle ne ya san ta wani ba.

An daɗe ana ɗauka cewa zaman cikin ƙululu da matsatsin toho ne ya mayar da jikinta dogo siriri. A 2017 Samuel Bolton da abokansa suka kawo wata hujja daban. Akwai wani ƙaramin gida mai suna Nematalycidae, 'yan halittu makafi masu jikin tsutsa da zobe-zobe, waɗanda ke zaune can cikin ƙasa da rairayi, suna kurɗawa tsakanin ƙwayoyin yashi. Ƙafa takwas gare su, amma tsarin bakinsu da na jikinsu ya yi kama da na kaskar ganye ƙwarai. A 2018 Pavel Klimov da tawagarsa suka gwada ƙwayoyin gado, suka ga alamar dangantakar. Ba kowa ya yarda ba, har yanzu ana ja. Amma in haka ne, to siffar nan daga ƙarƙashin ƙasa aka hau da ita, jikin da ya dace da ratar yashi ne ya zo ya dace da ratar toho.

Ƙululun kansa fa, yaya ake yin sa? Mu koma ga bishiyar Réaumur. Macen kan kwana cikin tsagar ɓawo ko gindin toho duk tsawon hunturu. Da toho ya buɗe, sai ta hau bayan sabon ganye, ta soka bakinta cikin ƙwayar fata guda. Ƙwayoyin da ke kewaye su fara rarrabuwa fiye da ƙima, wurin ya lotsa ya turo ta saman ganyen, ya yi tsini, ya yi ja, har ya kai santimita guda ko fiye. Ciki ɗaki ne, bangonsa lulluɓe da ƙwayoyi masu taushi da gina jiki, waɗanda suke sake tsirowa in an cinye. Ƙofar tana ƙasa, gashi ya toshe ta. A nan za ta zuba ƙwai, 'ya'ya da jikoki su taso, kafin kaka ta yi ɗakin ya cika. Ganyen ne ya yi ginin da kayansa, ita umarni kawai ta bayar, kuma kowane nau'i da irin fasalin ɗakinsa, har gwani kan faɗi sunan kaskar daga ganin ƙululun. Tsohon ganye ba ya karɓar wannan umarni, sai ɗanye sharaf. Ke nan ba nau'in bishiyar kawai za ta sani ba, har da makon da take toho. Sai dai kada a ɗauka duk haka suke. Mafi yawan nau'o'in ba sa yin ƙululu, yawo suke a fili a kan ganye, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna sana'ar ƙululu ba sau ɗaya aka ƙirƙiro ta ba, zuriyoyi daban-daban ne kowace ta gano abarta.

A 2010 Anna Skoracka ta jami'ar Poznan a Polan da wasu masana suka tattara bayanan da ake da su. Suka ga kusan kashi 80 cikin 100 na nau'o'in kaskar ganye a kan nau'in tsiro ɗaya tak aka taɓa samun su. Kashi 95 ba sa fita daga zuriyar tsiro ɗaya, kashi 99 ba sa fita daga gida ɗaya. Su da kansu sun ja kunne cewa da yawa daga nau'o'in sau ɗaya aka taɓa tsinto su, don haka lissafin na iya yin zuƙu. Duk da haka, amanar ta kai amana. A jihar Fulorida ta Amurka, wani tsiro mai yaɗo da ba ya fure, Lygodium microphyllum, ya shigo daga waje ya lulluɓe dazuzzukan fadama. John Goolsby da abokan aikinsa suka tafi neman kaskar da ke cin sa a ƙasashensa na asali, wato Floracarus perrepae. Sai suka tarar ba kowace ce ke iya kama na Fulorida da kyau ba, ko da yake nau'in tsiron ɗaya ne, nau'in kaskar ma ɗaya. Sai da suka bi salsalar tsiron har yankin Cape York a arewacin Ostireliya, suka ɗebo kaskar wurin. Ita ce aka saki a 2008.

Wanda ya ga irin wannan, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne tare suka taso. Wato duk sanda nau'in tsiro ya rabu biyu, kaskar da ke kansa ita ma ta rabu biyu, ta yadda in aka zana bishiyar nasabar tsirrai aka zana ta kaska, za su hau kan juna daidai wa daida. Tunanin tsoho ne. Wani Bajamushe, Heinrich Fahrenholz, ya kawo shi a 1913 daga nazarin ƙwarƙwata, kuma a wasu wurare ya tabbata: a 1988 Mark Hafner da Steven Nadler sun nuna nasabar wasu ɓerayen ƙarƙashin ƙasa na nahiyar Amurka da ta ƙwarƙwatarsu sun yi kusan daidai. Ba mamaki, ɓeran da ke zaune shi kaɗai cikin rami, a ina ƙwarƙwatarsa za ta haɗu da baƙo?

A kaskar ganye abin bai fito haka ba. Akwai wani ɗan itace mai 'ya'ya baƙaƙe ƙanana, wanda da shi ake yin Ribena, yana da 'yan'uwa da yawa a zuriyar Ribes, kuma kusan kowanne da tasa kaskar daga zuriyar Cecidophyopsis. Ɗaya daga cikinsu kan kumbura toho ta kuma ɗauko wata mummunar cutar bairos, don haka manoman Birtaniya suka damu da ita. A 2000 Brian Fenton da abokansa a cibiyar binciken amfanin gona da ke kusa da Dundee a Sikotilan suka zana nasabar kaskokin daga ƙwayoyin gado, suka ajiye ta gefen nasabar itatuwan. Ba su hau kan juna ba. Kaskoki 'yan ɗaki ɗaya sai ga su a kan itatuwan da ke nesa da juna. Manyan binciken da suka biyo baya, musamman na su Xiao-Feng Xue da Xiao-Yue Hong a Jami'ar Aikin Gona ta Nanjing a Sin, sun nuna hoto irin wannan a gidan baki ɗaya: asali a kan itatuwa marasa fure, sannan ƙaura zuwa masu fure, ba sau ɗaya ba, sannan yaɗuwa mai yawa a kansu. Akwai inda tsohuwar alaƙa ta rage. A kudancin Cile, a kan bishiyar Araucaria wadda danginta suka ga zamanin dinoso, akwai Pentasetacus araucariae, wadda ake lissafawa cikin masu siffar da ta fi kusa da ta kakanni. Amma irinta tsiraru ne.

A zamanin fataucin goro, kowane ayari na da fatomansa a zango. Ɗa ya gaji ubansa wajen sauka gida ɗaya, ya san matan gidan, ya san inda ake ɗaure jakuna, wani gidan ko kyauta aka ba shi ba zai kwana ba. Wanda ya tarar da su haka zai rantse tun kaka da kakanni suke tare. In ya bi salsala kuwa, sai ya ji kakan a Salaga yake sauka, yaƙin basasar 1892 ne ya watsa kasuwar, aka koma Kete-Krachi da wasu garuruwan, aka ƙulla sabuwar amana da ta yi ƙarfi kamar ta da. Ƙarfin amanar yau ba ya nuna daɗewarta. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi saurin kama mai nazarin halittun da ke rayuwa a jikin wasu, kuma kaskar ganye ta fi kowa tona shi.

Saura tambaya: halittar da ba ta da fiffike, ba ta da ido, wadda tafiyar taku ɗaya na mutum aiki ne babba a wurinta, ta yaya take sauya gida? Iska ce. In ganye ya fara tsufa ko wuri ya cika, sai su hau can ƙarshen ganyen, kowace ta manna wutsiya ta miƙe tsaye tana kaɗa ƙafafu, wani lokaci su hau kan juna su yi sarƙa, har iska ta fizge su. A 1997 James Amrine da abokin aikinsa Zhao sun narkar da dusar ƙanƙara da ta zubo a jihar West Virginia, suka tace, suka sami kaskar ganye iri-iri a ciki. Sama ma cike take da su ke nan. Ba su da ikon zaɓen inda za su sauka. Mafi yawa kan faɗa ƙasa ko ruwa ko kan tsiron da ba nasu ba, kuma a wajen mai masauki, in da zafi da bushewa, sa'o'i kaɗan ke kashe su. Asara ce marar iyaka. Amma ta wata fuskar gwaji ne marar iyaka: kowace rana, a kowane daji, ana jefa dubban dubbai a kan tsirran da ba su taɓa sani ba.

In ɗaya ta dace, ba ta buƙatar kowa. Namijin kaskar ganye ba ya saduwa da mace, 'yan ƙunshin maniyyi yake dasawa a kan ganye ya yi gaba, mace ta zo ta ɗauka ta adana. Wadda iska ta ɗauka da guzurinta za ta haifi maza da mata. Wadda ba ta samu ba ma ba ta rasa ba, ƙwan da ba a barbara ba namiji yake zama, daga baya ta ɗauki ƙunshin ɗanta. Daga ƙwai zuwa baliga, in da ɗumi, mako guda ne ko ya ɗan ɗara. Zuriya bayan zuriya a kan sabon tsiro, nesa da 'yan'uwa, duk wadda yawunta ya fi dacewa ita ke barin baya. A haka sabon nau'i ke fita, kuma da ya zauna sai ya zama mai amana kamar wanda ya baro.

Ana iya ganin abin yana faruwa yanzu. Skoracka ta gwada wata kaskar ciyawa, Abacarus hystrix, da ake samu a kan ciyayi iri biyu a Turai. A madubi kusan ba a bambanta su. Amma ta kan wannan ciyawa ba ta rayuwa da kyau a kan waccan, kuma in an haɗa su ba sa hayayyafa tsakaninsu. Kaskar alkama, Aceria tosichella, ta fi wannan rikitarwa. Tun 1955 John Slykhuis a Kanada ya nuna ita ke yaɗa bairos ɗin da ke sa ganyen alkama zane-zanen rawaya. An daɗe ana cakuɗa ta da ta tafarnuwa da albasa, sai a 1969 Hartford Keifer, ma'aikacin hukumar gona ta Kalifoniya wanda ya siffanta ɗaruruwan nau'o'i, ya ba ta nata suna. Da aka zo ga ƙwayoyin gado kuma, sai ga shi sunan nan ɗaya ya rufe zuriyoyi fiye da ashirin. Yawancinsu kowace na manne da ciyawar dajinta. 'Yan kaɗan ne suka iya cin alkama da sha'ir da wasu ciyayin, kuma su ne suka bi hatsi suka zagaye duniya. A filayen Kansas da Nebraska, shawarar da ake ba manoma ita ce su kashe gyauron alkama aƙalla mako biyu kafin shuka, domin a kan gyauro kaskar ke jiran sabon tsiro. In babu kore a fili, yunwa ke gamawa da ita.

Ɗan Adam bai ƙirƙiro wannan ƙaura ba, amma ya ƙara mata gudu, tun da shi ne ke ɗaukar tsiro daga wata nahiya ya dasa shi kusa da wanda bai taɓa maƙwabtaka da shi ba. Kwakwa ce misalin da ya fi fitowa fili. Asalinta yankin tekun Indiya da na Pasifik ne, 'yan Fotugal ne suka kai ta Burazil a ƙarni na 16. A 1965 Keifer ya siffanta wata kaska daga jihar Guerrero ta Meziko, ya kira ta Aceria guerreronis. Wurin zamanta ƙarƙashin 'yar hular nan ce da ke kan ɗanyar kwakwa, inda take manne da reshe. Ratar da ke tsakanin hular da fata ta yi ƙanƙantar da kusan babu maƙiyin da zai iya shiga, feshin magani ma ba ya isa. A can suke taruwa dubbai suna cin nama mai taushi. Kwakwar na girma, sai wani farin tabo mai kusurwa uku ya leƙo daga ƙarƙashin hular, ya yi ruwan ƙasa, ya tsattsage, ƙwallon ya tsumbure ko ya faɗo tun bai nuna ba.

A lokacin, a ƙasashen da kwakwa ta fito ba a san wannan kaska ba. Kafin ƙarshen shekarun 1960 an gan ta a gaɓar Afirka ta Yamma, har da Benin. Ta isa Tanzaniya a shekarun 1980, Siri Lanka a 1997, jihar Kerala ta Indiya a 1998, inda ta yi ɓarna mai yawa. A 2005 Denise Navia ta Burazil da abokanta suka gwada ƙwayoyin gadon samfura daga nahiyoyi uku. Bambancin da ya fi yawa a nahiyar Amurka yake, musamman Burazil, na Afirka da na Asiya kuwa kusan abu ɗaya ne, alamar daga 'yan tsiraru suka fito ba da daɗewa ba. Ma'ana, kaskar 'yar Amurka ce, a kan wani itacen dangin kwakwa na can take zaune, kwakwa ta zo baƙuwa, kaskar ta hau ta, sannan ta bi ta har gidan iyayenta. Har yau masana na neman wancan itace na asali, kuma ba don sha'awa kawai ba: inda halitta ta daɗe, a nan ake sa ran samun masu cin ta. Kafin nan, a Siri Lanka an koma kiwon wata kaska mafarauciya mai faɗaɗɗen jiki, Neoseiulus baraki, wadda kan iya kutsawa ƙarƙashin hular in ratar ta ɗan buɗe, ana sakin ta a gonaki. Ita kuwa Aceria guerreronis ba ta tsaya a kan kwakwa ba. 'Yan shekaru bayan isarta Indiya, an same ta a kan 'ya'yan Borassus flabellifer, giginyar Asiya, wadda zuriyarsu ɗaya da giginyar da ke fadamun ƙasar Hausa.